Ƙarfe a cikin ruwa ko ƙarfe a bayan gilashi: amsa ga ɗan'uwanmu na Ngawundare

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a wannan ƙungiya, ɗalibi a Ngawundare, ya ce yana son shigar da DNA cikin bakteriyar E. coli ta hanyar bugun lantarki, amma 'yan kwalaben da ake aikin da su suna da tsada kuma sau ɗaya ake amfani da kowace. Ya ji cewa ana iya ɗora farantan ƙarfe a wajen kwalba, gilashi ko roba ya shiga tsakaninsu da samfurin, wato hanyar kafasita (farantan ƙarfe biyu da shamaki a tsakaninsu, masu tara cajin lantarki), shi ne yake tambayar wadda ta fi tsakaninta da hanyar kai tsaye, inda ƙarfen yake taɓa ruwan samfurin. Ƙanena, ga yadda nake kallon su biyun.

Abin da ake nema shi ne a huda tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta na ɗan lokaci, kamar yadda Eberhard Neumann da abokan aikinsa suka nuna a Jamus a 1982 da ƙwayoyin ɓera. Kaurin tantanin kusan nanomita 5 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma yana buɗewa idan bambancin ƙarfin lantarki tsakanin cikinsa da wajensa ya kai wajen bolt 0.2 zuwa 1. Ƙwayar dabba mai faɗin mikromita 20 tana samun bolt 1.5 idan an saka ta cikin bolt 1,000 a kowace santimita, kuma tantaninta yana ɗaukar kimanin mikrosakan ɗaya kafin ya cika da caji. Bakteriya ta fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa take buƙatar ninkin wannan fiye da sau goma.

A hanyar kai tsaye, farantan alminiyam biyu suna taɓa ruwan samfurin, da tazarar milimita 1, 2 ko 4 a tsakaninsu. Kusan duk ƙarfin da na'ura ta fitar yana sauka a kan samfurin, kuma yana nan har bugun ya ƙare. Ga E. coli an saba ba da bolt 2,500 a tazarar milimita 2, bugun yana lafawa cikin kusan milisakan 5. Wannan tsawon lokaci yana da aiki biyu, domin bayan buɗe tantanin yana kuma tura DNA, wanda yake ɗauke da caji, zuwa jikin ƙwayar. Aibin wannan hanya kuwa a bakin ƙarfen yake: ruwa yana rabuwa ya fitar da kumfar iskar gas, tsamin ruwan yana canzawa a kusa da kowane faranti, ɗan alminiyam yana narkewa ya shiga samfurin, idan kuma gishiri ya yi yawa sai tartsatsi ya tashi da ƙara, ƙwayoyin su mutu.

A hanyar kafasita duk waɗannan ba su taso ba, tunda ƙarfe bai taɓa ruwa ba, kuma samfurin yana iya zama a rufe cikin kwalba mai arha ba tare da fargabar gurɓata ba. Wannan shi ne abin da ya ja hankalinka, kuma kana da gaskiya. Sai dai shamakin da ya kare samfurin shi ne kuma yake tare lantarkin, domin kafasita ba ta barin komai ya wuce sai a lokacin da ƙarfin yake canzawa, yana hawa ko yana sauka.

Bari in yi maka lissafi, saboda a nan maganar take. Ka ɗauki faranti mai faɗin santimita ɗaya murabba'i, da leda mai kaurin milimita 0.1 a kowane gefe, da ruwan gishiri irin na jiki mai zurfin milimita 2 a tsakiya. Shamakan biyu tare za su ba ka ikon tara caji na kusan fikofarad 13, ruwan kansa kusan 35, turjiyarsa ga lantarki kuma kusan om 13. Idan ka haɗa su, za ka ga ƙarfin da ya shiga ruwan yana gushewa kafin nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, ya cika. Ma'ana, ko ka riƙe bugun na milisakan 5, ƙwayoyin ba za su ji komai ba sai ƙyaftawa a farkonsa da wata ƙyaftawar ta kishiyar fuska a ƙarshensa, sauran ƙarfin duka yana zaune a kan ledar. Masu son huda tantani ta wannan hanya dole su nemi na'urar da bugunta ke hawa cikin nanosakan, da ƙarfi mai yawa ƙwarai, da shamaki siriri wanda ba zai fashe ba, su kuma rage gishirin ruwan. Irin wannan na'ura ta fi kwalaben da kake gudu tsada sau ba adadi.

Inda hanyar kafasita take da ƙarfi shi ne aikin da ke buƙatar lantarki mai sauƙi, mai kai da komo, na kwanaki ko watanni, inda ƙarfe tsirara zai lalata komai tun a ranar farko. Carl Brighton na Jami'ar Pensilbaniya a Amurka ya yi amfani da igiyar kilohaz 60 wajen taimaka wa karayar da ta ƙi haɗuwa. Na'urar Optune, wadda aka amince da ita a Amurka a 2011 don wani nau'in kansar ƙwaƙwalwa, tana aiki da kilohaz 200 ta farantan da aka rufe da tangaran, ƙarfinta kuma bolt 1 zuwa 3 ne kacal a kowace santimita. Ka lura, babu ɗaya daga cikinsu da aka yi don buɗe tantani a shigar da wani abu.

Saboda haka, ga aikinka na bakteriya, hanyar kai tsaye nake ba ka shawara ba tare da wata tantama ba. Ka wanke ƙwayoyin sau biyu ko uku da ruwan gilisarin mai sanyi na kashi 10 cikin 100 don gishirin ya fita, ka ajiye su da kwalbar a kan ƙanƙara har lokacin bugu. Ku a Ngawundare kuna da sauƙin yanayi, amma mu da ke Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, mun san ƙanƙara ba ta jiran mai nawa. Idan kuma wata rana bincikenka ya koma kan ƙwayoyin ƙashi ko na fata da za su kwana bakwai a cikin mazubin reno ana motsa su da lantarki, to ka dawo mu yi maganar kafasita da kaurin shamaki.

Na ga a ƙarshen tambayarka ka ambaci haɗa na'urar da kanka daga kayan tsohuwar talabijin. Kafasita mai mikrofarad 25 da aka cika zuwa bolt 2,500 tana riƙe da kusan jul 78, wanda ya isa ya tsayar da zuciyar mutum, kuma tana iya riƙe cajin bayan an cire ta daga soket. Kada ka taɓa wannan aiki sai tare da malamin da ya san lantarki mai ƙarfi, kuma a saka mata hanyar zubar da caji da murfin da ke yanke wuta da zarar an buɗe shi.