Kwalin gwajin ƙwayoyin hanji a gida: ya cancanci kuɗinsa?

Ƙanena yana fama da cutar Crohn, mai sa hanji kumburi da gyambo, ni ma cikina yakan murɗa. Shi ya sa na sayi kwalin nan da ake tallatawa a nan Ingila: ka ɗebi ɗan bahaya da tsinken auduga, ka mayar ta gidan waya, su duba bakteriyar da ke hanjinka.

Wajen tsafta da sauƙi ba ni da ta cewa. Bayanin a fayyace yake, sakamakon kuma ya shigo waya da zane mai launi.

Sun ce wata bakteriya, Faecalibacterium prausnitzii, ta yi ƙaranci a hanjina. Hankalina ya tashi, domin ana samun ƙarancinta a masu Crohn, kuma tana cikin masu samar da sinadarin da fatar babban hanji ke rayuwa da shi. Sai dai adadinta yana hawa da sauka da abinci, da maganin kashe ƙwayoyin cuta da mutum ya sha kwanan nan, kuma rahoton bai faɗi haka ba. Batun gado, wanda shi ne ainihin damuwata, ko taɓa shi bai yi ba. Shi kwalin, halittar bakteriya yake karantawa, ba ta mutum ba. Ko da ya karanta tawa, tun 2001 aka gano alaƙar ƙwayar gado ta NOD2 da Crohn, amma sauye-sauyenta da aka fi sani a jinin Turawa suke, da wuya a same su a mutanen Afirka ta Yamma. Yanzu an san wurare sama da 200 a ƙwayoyin gado masu hannu a ciwon, kuma akan ga tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya na da shi ɗaya lafiya lau.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne shafin ƙarshe: tallan kafso na bakteriya masu amfani, biya duk wata. Bincike bai nuna suna warkar da Crohn ba.

Likitana gwajin kalfurotektin ya sa aka yi min, wanda ke auna alamar kumburin hanji a bahaya, kyauta a NHS, hukumar lafiya ta gwamnati a nan Ingila. Mai son sanin cikinsa don sha'awa, yana iya saya. Mai zubar da jini a bahaya ko mai ramewa ya nufi likita a leƙa hanjin da kyamara, musamman mu da ke zuwa gida, tunda atini da tibin hanji suna kama da wannan ciwo, maganinsu kuwa daban ne.