Griffey ko Ichiro: Wa Za Ka Ɗauka?

A wasan besbol, Griffey da Ichiro dukansu sun tsare wa ƙungiyar Seattle Mariners ta Amurka bayan fili, kowanne ya ci kyautar Gold Glove, wadda ake ba gwanayen tsaron fili, sau 10. Salonsu dai ya sha bamban. Ken Griffey Jr. ƙarfi gare shi, sau 630 yana tsallakar da ƙwallo katanga, duk da raunukan da suka addabe shi bayan ya koma ƙungiyar Cincinnati.

Ichiro Suzuki kuwa sai da ya shekara 27 ya baro Japan, a 2001. Siriri ne, bai damu da katanga ba. Zai tsikari ƙwallo ta ratsa tsakanin masu tsaro, kafin a ɗauko ta ya taka zangon farko, inda mai bugu ke fara rugawa. A 2004 ya yi bugu mai nasara 262, har yau babu wanda ya kamo shi a kakar wasa ɗaya. Ni Ichiro zan ɗauka, ko don jifan nan nasa na ƙwallo daga kusurwar dama ta bayan fili, inda ya yi tsaro.