Sharhi: Nikkor-SW 90mm f/8 da filtocin da suka dace da shi a kyamarar 4x5

Wanda ke ɗaukar hoton fili da duwatsu da kyamarar 4x5, mai ɗaukar fallen fim na inci 4 da 5, kuma kuɗinsa lensi mai faɗi guda ɗaya za su iya saya, ya nemi mai milimita 90. A wannan fim, faɗinsa ya yi kusa da na 25 zuwa 28 a ƙaramar kyamarar 35mm. Cikin waɗanda muka yi aiki da su, Nikkor-SW 90mm f/8 na kamfanin Nikon ne muka fi ba mutane shawara a kansa, saboda da'irar hotonsa, wato faɗin hoton da yake jefawa kan fim, da rashin nauyinsa.

Daga kusurwa zuwa kusurwa, fim ɗin 4x5 yana buƙatar da'ira mai kimanin milimita 154. Wannan lensi yana ba da 235 in an tsuke ƙofar haske zuwa f/22, alhali nauyinsa bai wuce giram 360 ba, bakinsa kuma na filta mai milimita 67 ne. Super-Angulon 90mm f/8 na Schneider yana tsayawa a 216, Grandagon-N 90mm f/6.8 na Rodenstock kuma a 221. A takarda bambancin ƙarami ne, a bakin aiki ne ake ganinsa. In fim yana kwance, Nikkor zai bar ka ka ɗaga gaban kyamara kimanin milimita 50 kafin kusurwoyi su yi baƙi, Super-Angulon kuwa wajen 40. Wannan goman ne ke shigo da kan dutse ko kan dogon itace cikin hoto ba tare da ka ɗaga hancin kyamara sama ba, wanda shi ke sa itatuwa su riƙa kwantowa ciki.

Aibinsa duhu ne, kuma ba ƙarami ba. A f/8, da asuba ko dab da magariba, tsakiyar gilashin baya, wanda ake saita hoto a kansa, kawai ake gani sosai, gefuna sun dushe. Sai an rufa da baƙin mayafi mai kauri, an jira ido ya saba, sannan a karkata gilashin ƙara girma ya fuskanci lensin in ana duba kusurwa, domin hasken can a karkace yake isowa. Gilashin Fresnel, mai haskaka gefunan gilashin baya, yana taimakawa ƙwarai. Ɗan'uwansa mai f/4.5 ya fi haske nesa ba kusa ba, amma giram 600 ne, kuma filtocinsa na milimita 82 ne, masu tsada. Mai tafiya da ƙafa a kan duwatsu gara ya haƙura da duhun.

Kafin ka saya, auna kyamararka. In an saita shi a kan abu mai nisa, allon lensin yana zama kimanin milimita 97 daga fim, zugazugin kyamara, wato rufi mai naɗewa tsakanin lensi da fim, ya matse. Zugazugi mai tauri ba zai bari a ɗaga gaba sosai ba, ko kuma ya lanƙwaso ciki ya tare haske, ka wanke fim ka tarar da gefe guda baƙi. Maganinsa zugazugi irin na jaka. Allo mai zurfi ma yana ba da sarari, sai dai yatsa ba ya kaiwa ga shota, mai buɗe lensi da rufe shi, da sauƙi. A kyamara mai naɗewa, duba ko bakin gadonta, inda gaban kyamara ke zaune, na leƙowa a ƙasan hoto, musamman in fim yana tsaye.

Batun filtar tsakiya ne ya fi jawo gardama. Kowane lensi mai faɗi yana rasa haske zuwa gefe, wannan ba lahanin ƙira ba ne, hasken gefe ya fi yin tafiya mai nisa kuma a karkace yake faɗa wa fim. A 90mm kusurwa tana ƙasa da tsakiya da mataki ɗaya da ɗoriya, a 65mm ta kusa mataki biyu (mataki ɗaya shi ne raguwar haske da rabi). Filtar tsakiya tana da duhu a ciki, tana washewa zuwa baki, don ta daidaita su. Nikon bai yi tasa ba, amma IIIb ta Schneider tana hawa bakin 67, kuma tana cin mataki ɗaya da rabi. Ba ta aiki daidai sai an tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22. A saita hoto ba tare da ita ba, a ɗaura ta daga ƙarshe, in ba haka ba duhun gilashin baya zai ƙaru.

Hukuncinmu shi ne: mai aiki da negatif, mai launi kamar Portra 160 ko baƙi da fari kamar FP4 Plus, ba ya buƙatarta a 90mm. Ya auna haske don gefe, fim ɗin zai jure ƙarin da tsakiya ta samu, a gyara sauran wajen bugawa. Mai aiki da silaid, fim mai fito da hoto kai tsaye, irin Velvia 50 kuwa, in yana ɗaga gaba da yawa, dole ne ya saye ta. Silaid ba ya yafe mataki guda, kuma ɗaga gaba yana kai saman hoto bakin da'ira, sai sama ta yi duhu a bisa kawai, ƙasa na da haske. Daga 75mm zuwa ƙasa, mai silaid kada ma ya tsaya shawara.

Filtar kashe ƙyalli ita ce ta fi ɓata wa mutane fim. Ƙarfinta ya fi yawa a ɓangaren sama da ke digiri 90 daga rana, shi kuwa wannan lensi yana kwaso kusan digiri 67 daga hagu zuwa dama, don haka shuɗin sama ke fitowa da tabo mai duhu a waje guda. A ajiye ta don ganye mai jiƙa, ruwa da dutse mai ƙyalli, inda sama kaɗan ce a hoton. Ƙurar hunturu ma ba ta kawar da ita sosai. A lura da lissafi kuma: ita da filtar tsakiya tare suna cin wajen mataki uku da rabi, wato 1/8 na sakan ya koma kusan sakan ɗaya da rabi, iska ta samu damar motsa ciyawa. A baƙi da fari, filta ruwan ɗorawa mai lamba 8 tana cin mataki ɗaya, ja mai lamba 25 tana cin uku, amma ja tana ƙara fito da duhun kusurwoyin sama.

Bakin IIIb na waje milimita 86 ne, saboda haka duk filtar da za ta hau kanta sai ta kai wannan girma, kuma mai siririn zobe. Don tabbatar da zobe bai yanke haske ba, tsuke zuwa f/22 ka leƙa ta yankakkun kusurwoyin gilashin baya: in ramin hasken ya fito cikakke, babu matsala, in wani abu ya ci gefensa, rage ɗagawa ko cire filta ɗaya.

Nikon ya daina yin waɗannan lensoci a 2006, don haka na hannu za ka samu. Haska tocila ta cikinsa ka nemi hazo ko zaren fumfuna, wanda laimar damina ke haifarwa in an kulle shi a jaka. Kunna shotarsa, Copal 0, a sakan ɗaya da rabin sakan, ka saurara. In ƙarar tana jan ƙafa ko tana tsayawa a hanya, man ciki ya daskare, sai ka cire kuɗin gyara daga farashin.