Sifroket na gaba ko na baya: wanne za a canja don ƙarin gudu?

Ɗan'uwa, tsakanin ƙara haƙori a sifroket (faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa) na gaba da rage haƙoran na baya a babur ɗinka mai ƙafa huɗu, na gaban za ka taɓa, kuma haƙori ɗaya tak.

Ɗauki Yamaha Raptor 700, wanda ke fitowa daga kamfani da haƙori 14 a gaba, 38 a baya, da sarƙa mai lambar girma 520. Raba 38 gida 14, za ka samu 2.71, wato yawan juyin da na gaba ke yi kafin tayoyin baya su zagaya sau ɗaya. Idan ka sa mai 15 a gaba lissafin ya koma 2.53, ƙarin gudu kusan kashi 7 cikin ɗari ke nan. Babur da ke ƙurewa a kilomita 100 cikin awa zai iya taɓa 107, muddin injin na da ƙarfin jan giyar ƙarshe.

Mai 15 ɗin ne a nawa, kuma abin da ya fi yi mini daɗi shi ne yadda injin ya daina ihu a miƙaƙƙiyar hanya, kowace giya ta ƙara tsawo. Ga araha, ga sauƙin aiki: cire murfi, miƙe washar da ke riƙe noti, wani ya taka maka birkin baya, ka kwance. Galibi tsohon tsawon sarƙa ya isa, sassauta ta kawai za ka yi ka sake saiti. A Raptor wasanta, wato motsin da take yi sama da ƙasa, milimita 25 zuwa 35 ne. Sai dai ka duba tazarar da ke tsakanin sarƙa da ƙarfen da ke kare jikin inji. Idan tana gugarsa, nemi wanda aka yi don haƙori 15. Kada ka cire shi gaba ɗaya, domin ranar da sarƙa ta tsinke jikin injin za ta fasa.

Na baya kuwa, sai ka rage biyu ko uku kafin ka ga abin da haƙori ɗaya ya yi a gaba, mai 36 ma 2.57 yake bayarwa. Ya fi tsada, sai an cire taya, wani lokacin har a yanke sarƙa. Amfaninsa dai ya ɗan ƙara nisa da duwatsu.

Kada ka yi kwaɗayin 16. Duk abin da ka samu a gudu, a ƙarfin tashi ka biya shi. A rairayi, ko hawan tudu, ko da kaya, kuloci ne zai sha wuya har ya ƙone. Ƙananan injuna irin 110cc ma gudunsu raguwa yake yi idan giyar ta fi ƙarfinsu. Wanda ya riga ya sa manyan tayoyi ya bar sifroket yadda yake, tayoyin sun yi wannan aikin.

Ka yi hattara da wasu masu kayan gyara. Za su miƙo maka na sarƙar 428 su rantse zai hau 520, ko ƙarfe mai taushi da aka shafa wa baƙin fenti, wanda haƙoransa ke lanƙwashewa nan da nan. Tafi da tsohon naka, ka ƙirga haƙoran da kanka, ka haɗa ramin tsakiyarsu ka gani ko sun yi daidai. Idan sarƙarka ta riga ta miƙe, canja ta tare da sifroket ɗin duka biyu, in ba haka ba za ta cinye sabon.