Littattafan da na ɗinka da zare da allura: sharhina kan African Storybook bayan zango guda

Ni malamar aji 2 ce a wata firamare mai zaman kanta a gefen Bauchi Road a Jos, shekarata 11 ina riƙe da alli. Ban taɓa kawo wa raina zan koyar da ɗana a gida ba, don a ganina wannan harkar masu hali ce, irin mutanen unguwar Rayfield. Sanyin Jos ne ya tilasta ni. Autana yana da sikila, shekararsa 6, kuma duk wanda ya kwana a garin nan a Disamba ko Janairu ya san yadda iskar hunturu take ratsa ƙashi, ga mu a kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku. Bayan an kwantar da shi asibiti sau biyu cikin wata guda, Baban yara ya ce magana ta ƙare, zangon karatu na biyu Auta ba zai ƙara fita da sassafe ba. Da safe yana wajen Hajiya, kakarsa, in na taso bayan azahar in zauna da shi.

Kuɗin magani ya riga ya cinye na littafi. Sai na duƙufa kan waya ina neman na banza.

Na fara da ƙafar hagu. Wata manhaja da ba zan kama sunanta ba ta rubuta "kyauta" da manyan baƙaƙe, muka yi mako guda muna jin daɗi, ran na takwas ta kulle darasi ta ce sai na sa lambar katin banki. Wani kuma ya sayar mini da tarin takardun darasi ta waya, daga baya na gano duk a buɗe suke a intanet, shi dai ya tattara ya manna sunansa. Na ce da kaina, malama, ke kika je da kwaɗayi.

Wata abokiyar aikina mai koyar da aji 1 ce ta nuna mini African Storybook, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Wata cibiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ce ta buɗe shi a 2014. Rumbu ne na ƙananan littattafan yara masu zane, da harsunan Afirka masu yawa, har da Hausa. Ba a biyan ko sisi, ba talla, kuma in karatu kawai za ki yi ko saukewa, ba sai kin yi rajista ba. An raba littattafan mataki 5. Na 1 kalmomi ne ƙalilan a shafi, na 2 jimla ɗaya ko biyu, na 3 gajeren sakin layi, na 4 ya fi tsawo, na 5 kuma babba ne zai karanta wa yaro da baki. Wannan rabon shi ya fara saye ni. A kasuwa, in kika je wajen masu tsofaffin littattafai a Terminus, sai dai ki buɗe ki ƙiyasta da ido ko yaro zai iya. A nan kuwa kina zaɓar Hausa, ki zaɓi mataki, a jero miki.

Auta ya san baƙaƙe, amma haɗa su ne ya gagare shi. A makaranta da Turanci muke fara su, yaro yana fama da haɗa baƙi, yana kuma fama da ma'anar kalma, nauyi biyu a kai ɗaya. Da Hausa kuwa abin da aka rubuta shi ake faɗi: ba, bi, bu, ka, ki, ku. In ya haɗa "ka" da "za" ya ji bakinsa ya ce kaza, ba sai an fassara masa ba, ga ta can tana tono a tsakar gida. Ranar da ya karanta shafi guda shi kaɗai, ya ɗago ya ce, "Mama, ashe magana ce aka rubuta!" Shekara 11 ina koyarwa, ban taɓa jin an faɗi ma'anar karatu a taƙaice haka ba.

Zane-zanen ma sun taimaka. Akuya ce, kasuwa ce, motar haya ce da aka cika ta da kaya har sama, mata da tulu. Wasu labaran daga Kenya ko Uganda aka fassaro su, ana ganewa daga sunaye da irin tufafi, amma ba su yi wa yaron Jos nisa ba. Da yawansu kuma suna da na Turanci da zane iri ɗaya. Dabarar da na tsaya a kai ita ce mu karanta na Hausa Litinin da Talata, Laraba in kawo na Turanci. Tun da ya riga ya san inda labarin ya dosa, ba ya tsoron kalmomin.

Yanzu ga inda kyauta take daina zama kyauta. Waya ɗaya gare ni, ina tafiya da ita aiki, kuma ba na son yaro ya yini yana ƙura wa gilashi ido. Dole sai takarda. Abin da ya burge ni, shafin yana ba da fayil ɗin PDF iri biyu, ɗaya na karantawa a waya, ɗaya na bugawa, wanda aka jera shafukansa ta yadda in aka buga gaba da baya aka ninke, sai ya tashi littafi. Littafi mai shafi 16 falle 4 kawai yake ci. Na kai wa wani yaro mai shagon fotokwafi kusa da jami'a. Karon farko ya juya takardar ta gefen da ba shi ba, bayan kowane shafi ya fito ƙafa a sama.

"Anti, wannan fa injin ne," in ji shi.

Na ce, "Ƙanena, injin ba shi da hannu. Juya ta ɗaya gefen mu gani."

Ya juya, ta zauna. Ki roƙi a fara buga falle ɗaya ki ninke ki duba kafin a saki sauran, kada ki yi asarar da na yi. Mai launi ya fi ƙarfina, baƙi da fari nake bugawa, kuma a nan na koyi zaɓe: zanen da aka yi da layi siriri da fili fari yana fitowa tas, wanda aka cika da launi mai duhu kuwa sai ya fito kamar gindin tukunya, ya kuma sha tawada har mai shago ya fara ɓata rai. Masu farin filin ma riba biyu ne, don Auta yana shafa musu kala da kansa. Bango kuma kwalin indomi ne ko na sabulu, in yanka daidai, in ɗinke tsakiya da zaren ɗinkin buhu. Hajiya ta karɓe wannan aikin daga hannuna, ta ce ɗinkina na 'yan boko ne, ba zai kai sati ba. Gaskiyarta.

Akwai abin da ya wajaba malami ya sani kafin ya buga. Rumbun a buɗe yake, duk mai so zai iya rubuta labari ko ya fassara ya ɗora, shi ya sa ya yi yawa haka. Akwai waɗanda masu shafin suka duba suka sa musu alamar amincewa, akwai kuma na jama'a. Kowanne kika ɗauka, ki karanta shi tun daga farko har ƙarshe da idon malama. Mu Hausawa mun saba rubutu a waya babu lanƙwasa, mu rubuta "kasa" muna nufin ƙasa, "dan" muna nufin ɗan. Babba zai gane daga zancen. Yaron da yake koyon gaɓa kuwa abin da ya gani shi zai furta, in kika ce masa a'a, sai ya daina yarda da idonsa. Sauƙin abin shi ne littattafan suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wato an yarje miki ki kwafa, ki buga, ki fassara, ki gyara, muddin kin bar sunan marubuci da mai zane. In kin yi rajista, kina iya buɗe labari ki yi naki gyararren. Ni sau da yawa ma ba na kaiwa can, baƙin biro nake sa wa in lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ a kan takarda.

Ganin yadda abin ya karɓi Auta, sai na kai shi aji. Yara 38 gare ni, akwai Hausawa, Birom, Afizere, Ibo, Yarbawa, kuma in ka saurare su lokacin tara, duk da Hausa suke faɗa da sulhu. Na nemi izinin shugaban makaranta. Ya ɗan yi jim ya ce, "Malama, iyaye fa Turanci suke biya." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti 20 ranar Juma'a, kuma kowane labari da na Turancinsa zan haɗa." Ya yarda. Na buga labari 6, kowanne kwafi 7, yara suna karantawa bibbiyu suna musaya. Wata yarinya da tun farkon shekara ban ji muryarta ba, ita ce ta fara ɗaga hannu. Ba zan ce zango guda ya mayar da su gwanaye ba. Amma littattafan suna dawowa da dattin hannu, wasu da miya, alamar an buɗe su a gida.

African Storybook karatu kawai yake koyarwa, ba lissafi ba, ba kimiyya ba, don haka na haɗa da wasu. StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, wanda aka buɗe a 2015, ɗan uwansa ne, shi ma yana da Hausa, kuma can na fi samun ƙananan littattafai kan tsirrai, dabbobi da ƙirga. Khan Academy Kids, da ta fito a 2018 don yara 'yan shekara 2 zuwa 8, kyauta ce ta gaske babu talla, ana kuma iya sauke wasu darussa a yi su ba data. Don yaran Amurka aka tsara ta, saboda haka Auta ya koma kiran harafin ƙarshe "zi" maimakon "zed", yayarsa tana ta yi masa dariya. Minti 20 nake ba shi da ita bayan magariba, don kunnensa ya saba da Turanci. Nigeria Learning Passport kuwa, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, amfaninta a wajena shi ne tana bin manhajar karatunmu ta gida aji-aji. (Hausa ta haɗa mu da aiki a nan: abin da ke cikin waya manhaja, abin da hukumar NERDC ta tsara a koyar shi ma manhaja.) Da ita nake auna ko Auta yana tafiya daidai da 'yan ajinsu.

Data ita ce ɗayan ramin da kuɗi ke zurarewa. Littattafan ba su da nauyi, bidiyo ne mai ci. Ƙanena da ke gyaran waya a Dilimi ya ce, "Yaya, kawo tsohuwar kwamfutar nan taku." Ya sa mata Kolibri, wata manhaja ta ƙungiyar Learning Equality da aka yi musamman don wuraren da ba intanet. Sau ɗaya ake sauke kaya a cikinta, daga nan kwamfutar ta zama rumbu, wayoyi su jona da ita ta wayfai na cikin gida ko da babu data ko kaɗan. A ciki ya zuba mana African Storybook da darussan lissafi na Khan Academy da gwaje-gwajen kimiyya na kan allo da ake kira PhET, waɗanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a kimiyyar fiziks, ya fara a Jami'ar Colorado a 2002. Babbar 'yata da ke JSS 2 ta yini tana haɗa batir da waya da ƙwan fitila a allo, tana ƙona su ba asara. Sai dai gaskiya, ba don ƙanena ba, da ban iya kafa ta ni kaɗai ba, kuma batirin kwamfutar ya mutu, in aka ɗauke wuta rumbu ya rufe. Ga makarantar da ke da sola da mutum ɗaya mai kan na'ura, abin nema ne. Ga uwa ita kaɗai da waya ɗaya, manhajar African Storybook Reader ta isa: ki sauke littattafai da dare lokacin da data ke araha, su zauna a wayar.

In aka tambaye ni nawa na kashe, duka bugun zangon, na gida da na aji, bai kai kuɗin littattafan Turanci da lissafi na yaro ɗaya a shagon makaranta ba. Abin da ya fi ci shi ne dare. Kafin in samu labari ɗaya da ya dace da matakin yaro, Hausarsa ta zauna, zanensa zai bugu, nakan buɗe biyar ko shida. Malamin da ke neman abin da zai sauke yau ya shiga aji da shi gobe ba tare da ya karanta ba, wannan ba nasa ba ne.

A watan Maris, da gari ya fara ɗumi, muka gwada ɗaya manhajar tasu, African Storybook Maker, wadda ake haɗa littafi a waya da hotunan da mutum ya ɗauka. Auta ya faɗa, ni na rubuta. Labarin wani dankalin Turawa ne da ya faɗo daga buhu a kasuwar Farin Gada, yana jin sanyi, yana neman mai ba shi rigar sanyi. Shafi 8, falle 2. Kabeji ya hana shi, karas ya hana shi, a ƙarshe wata tsohuwa ta jefa shi cikin mai, ya ji ɗumi. Na ce a sake ƙarshen, ya ƙi. Hajiya ta ɗinke shi da jan zare, ta ce ya karanta mata tun da ita bokon bai ratsa ta ba, ya karanta, ta ce tsohuwar nan dai da ita ake.

Ya koma makaranta a zango na uku da littafin a jaka. Malamarsu ta aiko a tambaye ni ko akwai kwafi, na ce ta ba ni zuwa Juma'a, Hajiya zarenta ya ƙare.