Allon Sunan Hannatu: Yadda Na Ga Aikin Wani Shago a Agege

A kusa da kasuwar Agege akwai wani ƙaramin shagon buga katin biki da kalanda wanda Kiristocin Arewa mazauna Legas suke kai wa aikin allon suna, wato firam mai gilashi da ake rubuta sunan jaririya a ciki tare da ma'anarsa da taƙaitaccen tarihin mai sunan. A can na ba da aikin allo domin 'yar ƙanwata da aka raɗa wa suna Hannatu.

Ta fuskar ƙira babu abin kushewa. Takardar tana da kauri, katakon ya haɗu da kyau, kuma sun gama kafin ranar suna kamar yadda suka yi alkawari.

Bayanin da suka rubuta shi ne ya fi burge ni. Sun faɗi daidai cewa sunan ya fito daga Ibrananci, daga tushen da ke nufin alheri ko tagomashi, wanda kuma shi ne ke cikin sunan Yohanna. Sun kawo labarin Hannatu daga Littafi Mai Tsarki, littafin 1 Sama'ila sura 1: matar Elkana ce, daga ƙasar tuddai ta Ifraimu, wadda kishiyarta Feninna ta dame ta da gorin haihuwa, har ta je Shilo ta yi addu'a leɓunanta suna motsi ba a jin muryarta, abin da ya sa Eli firist ya zaci ta bugu ne. Ɗan da ta roƙa, Sama'ila, shi ne ya shafe Shawulu da Dawuda sarauta. Da a ce sun ƙara cewa daga baya ta haifi maza 3 da mata 2, da allon ya fi cika, domin wannan ne wurin da tagomashin ya fito fili.

Matsalar tana wajen haruffan Ibrananci. Daga dama ake rubuta su zuwa hagu, kamar ajami, amma kwamfutarsu ta juya haruffa ukun sunan a samfurin farko, sai da aka gyara. Haka kuma na ga allon Rahila a bango an rubuta cewa ma'anarsa "kyakkyawa", alhali kuwa tunkiya yake nufi. Mai shagon ya ce mini, "Yallabai, iyaye ba sa son ganin tunkiya a falo." A ganina wannan uzuri bai karɓu ba, tun da a littafin Farawa, sura 29 ta nuna Rahila kanta tana kiwon tumakin mahaifinta Laban ranar da Yakubu ya fara ganinta.

Duk wanda zai ba su aiki ya nemi a turo masa samfuri ta waya, ya nuna wa fasto ko wani da ya karanci Ibrananci, kafin a saka takardar cikin gilashi.