Tallafin ambaliya da muka karɓa: injin ya yi, saura da gyara

Duk mai noma a kwarin Haɗejiya ya san abin da daminar 2022 ta yi. Ruwan sama ya haɗu da wanda ke gangarowa daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa, ga ciyawar kachala ta toshe magudanai, sai kogi ya ɓalle ya bi gonaki. A faɗin Najeriya sama da mutum 600 suka rasu. Ni tawa asarar shinkafa ce, irin Faro 44, tana cikin fitar da kai ruwa ya shanye ta a Satumba.

Rajistar tallafin dai ba ni da ƙorafi a kanta. Ma'aikatan sun zo har gona da wayoyinsu, suka tsayar da ni a bakin kunya suka ɗauki hoto, suka karɓi NIN da lambar asusun banki, mai unguwa yana tsaye yana shaida. Ko sisi ba su nema ba, Allah ya saka musu.

A cikin kayan, injin ban-ruwa shi ne magana. Mai inci uku ne, da mesarsa, ja biyu ya tashi, kuma ba ya zuƙar fetur kamar tsohon nawa. Da shi na yi albasa a ranin da ya biyo baya har na biya bashin takin damina. Buhun takin kamfa da na yuriya ma cikakku ne, ɗinkin kamfani, babu alamar an farke an rage.

Irin alkama ne ya ba ni haushi. Alkama sanyin hunturu take bi, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ake shuka ta, in ka makara zafin Maris ya riske ta tana cika ido, sai ka girbe ƙaiƙayi. Namu bai iso ba sai Janairu. Ga shi an turmuɗe shi da jan magani, ba dama a niƙa yara su ci alkubus. Haka na jingine shi a zaure ina harararsa.

Kuɗin tallafin kuwa suka faɗo a Fabrairun 2023, tsakiyar canjin kuɗi. Saƙon banki na nan a waya, amma 'yan ƙwadago tsaba suke so a hannu, mai POS kuma sai ya yanki rabonsa mai tsoka kafin ya ƙirga maka tsofaffin takardu.

Babban gibin shi ne waɗanda aka tsallake. Takardar rajistar, girman gona kawai take tambaya, shi ya sa maƙwabcina mai injin casa, wanda ruwa ya kwana cikin injinsa har ya ci tsatsa, bai samu gurbi ba. Na ce masa ya je ya gwada, ya ce, "Malam, ai sun ce ni ba manomi ba ne." Haka matan da ke turara shinkafa suna kaiwa kasuwa, jarinsu ya jiƙe a ɗaki ya ruɓe. Masu hayar gona ma, a wurare da yawa mai filin aka rubuta, alhali ɗan haya ne ya zuba iri da taki.

In aka sake irin wannan rajista, ɗan haya ya riƙo mai filin su je gaban mai unguwa tare tun ranar farko, kuma kowa ya duba sunan da ke NIN ɗinsa ya zo ɗaya da na banki. Ƙanena harafi ɗaya ne ya bambanta a nasa, sai bayan ƙaramar salla kuɗinsa suka fito.